Kafin ka zargi Bluetooth, auna batir

Sani, jiya muna rufe shago ka tambaye ni me ya sa 'yar motar da ɗaliban nan na Samaru suka haɗa don gasar mutum-mutumi take ƙin kama wayarsu, in ma ta kama, da ta motsa sai ta yanke. Ka ce kai dai HC-05 ɗin kake zargi, wato ɗan abin Bluetooth ɗin da ke haɗa motar da waya, gara a leƙa PZ a sayo wani. Bar wa yaran nan kuɗinsu tukuna.

Fara da kallon 'yar fitilar da ke jikinsa, ita ce bakinsa. In tana ƙiftawa da sauri-sauri, lafiyarsa lau, jira yake a kama shi. In ta ƙifta sau biyu ta ɗan huta, to wata waya ta riga ta kama shi, kuma ba ya auren biyu. Sau da yawa wayar tana aljihun ɗaya daga cikin yaran, shi ma ya manta.

Amma zancen yankewa da zarar ta motsa, wannan wuta ce. Na ga batirin da suka sa, ɗan murabba'in nan na volt 9 irin na cikin mitarmu. Wannan ba abin jan taya ba ne. Lokacin tashi injinan taya suke zuƙar wuta fiye da kowane lokaci, sai ƙarfin batir ya faɗi na ƙiftawar ido, Arduino, allon da ke sarrafa motar, ya mutu ya farfaɗo, haɗin ya tafi. Ka ɗaga motar sama, za ka ga tayoyi na juyawa tiryan-tiryan ba matsala. Ajiye ta a siminti, sai ta yi tsalle ɗaya ta yi shiru. Ɗora mita a kan batirin tana tashi, ka kalli yadda lamba ke zubewa. Maganinsa batir 18650 guda biyu, irin waɗanda muke cirewa a tsohon batirin laftof, kowanne volt 3.7, a jere su ba da 7.4. In da hali injina su ci nasu daban, allon ya ci nasa daban, sai dai kar ka manta ka haɗe GND ɗinsu, wato ɓangaren negatif, in ba haka ba aikin banza ka yi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Lambar sirri 1234 ce, wani lokacin 0000. TX na HC-05, ƙafar tura saƙo, yana zuwa RX na Arduino, ƙafar karɓa, RX kuma TX, a gicciye. Ƙafar RX ɗin HC-05 volt 3.3 take so, Arduino Uno kuwa 5 yake turowa, don haka a sa rizista 1k da 2k su rage. Gudun magana tsakanin HC-05 da Arduino 9600 ne, in shirin yaran ya saɓa da haka sai shirme ya riƙa isowa. Kuma in iPhone suke gwadawa da ita, su haƙura, ba ta hulɗa da HC-05. Su ari Android.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar gasar kanta. Na taɓa raka wasu yara irin wannan taro, zaure cike, kusan kowace tawaga da HC-05, kuma ba wanda ya sauya wa nasa suna. Yaronmu ya buɗe waya, ga suna iri ɗaya a jere, ya danna na sama. Yana ta matsa gaba, tamu ko gezau, can sai ihu ya tashi a wancan ɓangaren, motar wasu ta dira daga tebur. Ranar na sha kunya, har da biyan taya.

Saboda haka a sauya wa HC-05 ɗin suna: ka danne ɗan maɓallin jikinsa sannan ka ba shi wuta. Fitila za ta koma ƙiftawa a hankali, kusan duk daƙiƙa 2. A gudun 38400 ka tura masa umarnin AT+NAME da sunan tawagarsu, ka sauya lambar sirri da AT+PSWD. Sannan a goge tsohon haɗin daga wayar a sake kamawa. Ka kuma gaya musu Bluetooth da Wi-Fi hanya ɗaya suke bi, 2.4 GHz, kuma zaure zai cika da wayoyi. Mita 10 da ake cewa yana kaiwa, kar su dogara da ita, mai tuƙi ya tsaya kusa da filin.

Gobe in Allah ya kai mu ka ce su kawo motar bayan la'asar. Kai za ka riƙe mita, ni ina gefe da shayina.