Ta ina mai son koyon tsara manhajoji zai fara?

Malam, ka tambayi inda za ka koyi tsara manhajoji alhali ba ka da kuɗin makaranta. Ka fara da kwas ɗin UX (wato tsara manhaja yadda za ta yi sauƙin amfani) na Google da ke Coursera, dandalin karatu ta intanet, wanda aka buɗe a 2021, domin yana koyar da yadda ake jin bukatun masu amfani da manhaja kafin a zana komai, kuma ana iya neman tallafin kuɗin rajista. Figma, manhajar da ake zana fuskar manhajoji da ita, tana da tsarin kyauta, sai dai aikinta na kwamfuta ne. Kuskuren da na fi gani shi ne kwaikwayon zane mai ƙyalli wanda bai warware matsalar kowa ba. Idan ka kammala aiki biyu, ka nemi ƙwararre a ADPList, shafin intanet da ke haɗa masu koyo da ƙwararru, ya duba maka, kyauta ne.