Hukuncin tafiya yawon buɗe ido a jirgin ruwa zuwa gaɓar Alaska

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Amurka da iyalina, mahaifiyata kuma ta zo mana ziyara daga Najeriya. Ina so in kai su tafiyar mako guda a babban jirgin ruwa da ke tashi daga Seattle zuwa Alaska a watan Yuni. Ana tsayawa a Ketchikan da Juneau da Skagway, a kuma shiga Glacier Bay kallon tsaunukan ƙanƙara. Sai dai a cikin jirgin akwai mashaya da ɗakin caca da kaɗe-kaɗe. Ya halatta mu je? In ya halatta, yaya za mu yi da salla, tunda an ce dare ba ya duhu a can?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, tafiyar halal ce a asalinta. Allah ya umarce mu a Suratul Ankabut, aya ta 20, da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fari halitta, kuma a Suratun Nahli, aya ta 14, ya lissafa hore mana teku da jiragen da ke keta shi cikin ni'imominsa. Abin da za ku gani ma ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarar 1794 da matuƙin jirgin Ingila George Vancouver ya wuce ta wurin, kusan dukkan mashigin Glacier Bay ƙanƙara ce a daskare. Yau ta ja da baya kimanin kilomita 100, jirgi na shiga inda a da babu hanya, fasinja na tsaye suna kallon bangon ƙanƙara yana tsagewa yana rikitowa cikin ruwa da ƙara kamar tsawa. Wanda ya ga haka ya ce Subhanallah da zuciyarsa bai yi asarar kuɗinsa ba. Akwai malaman da suka hana zuwa ƙasashen da ba na Musulmi ba don shaƙatawa kawai, irin su Shaikh Ibn Usaimin, amma maganarsu a kan mai barin ƙasar Musulmi ce. Kai a Amurka kake zaune, Alaska kuma jiharta ce. Abu ɗaya zan gindaya: in ba ka sauke faralin Hajji ba kuma wannan kuɗin zai jinkirta shi, Hajji ne a gaba.

Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar hawa teku a babin Hajji. Shaikh Halil ya kawo a Mukhtasar cewa teku kamar tudu yake, sai in halaka ta fi rinjaye, ko hajijiya da amai za su sa mutum ya tozarta rukunin salla. Ya kuma kawo karhancin hawa teku ga mace, sai in ta samu wurin da ta keɓanta da shi. Dalilin shi ne cunkoson jiragen zamanin da, inda maza da mata ke kwana su biya buƙata a fili ɗaya. A jirgin da kake nufi kowane iyali da ɗakinsu da bayinsu, babban sashe na hanyar kuma tsakanin tsibirai yake bi inda ruwa ke kwance. Wannan illar ta kau.

Saura jirgin kansa. Kasancewar giya da caca a wani sashe na jirgin da ke ɗauke da dubban mutane bai haramta hawansa ba, kamar yadda mashayar da ke unguwarku ba ta haramta maka zama a garin ba. Abin da ya haramta shi ne ka kai kanka. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a kan teburin da ake zagayawa da giya. A nan masu irin wannan tafiya suke zamewa, domin a ɗakin cin abinci akan haɗa baƙi da baƙi a babban tebur, na kusa da kai ya sa a kawo masa kwalba. Tun wajen yankar tikiti ka nemi teburinku ku kaɗai, ko ku ci a inda kowa ke ɗibar abinci da kansa. In an cusa kuɗin giya cikin farashi da sunan garaɓasa, ka ce a cire. Ɗakin caca, da wurin rawa, da bakin wurin ninƙaya inda ake tsiraici, ba naku ba ne ko da sunan leƙawa. Kai ka san kanka ka san 'ya'yanka. In ka san ba za ku iya kamewa kwana bakwai ba, to a kanku tafiyar ta haramta, domin abin da ke kai mutum ga haram hukuncinsa yake ɗauka.

Abinci da sauƙi. Duk abin da ya fito daga teku halal ne a wurinmu, kifi ne ko ƙaguwa ko jatan lande, saboda hadisin Abu Huraira a Muwaɗɗa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Alaska kuwa ƙasar kifi ce. Ku dai tambaya ko an zuba giya ko naman alade a miya.

Salla a jirgi a tsaye ake yin ta, ana fuskantar alƙibla, in jirgi ya juya a juya. Zama sai ga wanda ya kasa, bisa hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari. Ka faɗa wa Hajiya tun da wuri cewa a can ba gabas za ta duba ba: daga Juneau alƙibla kusan arewa take sak, da ɗan karkata zuwa gabas. Juma'a ba ta wajaba a kanku ba.

Kasaru na da ɗan zance. A mazhabarmu sunna ce ga mai tafiyar mil 48 ko da a teku ne, amma an ware mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wargi, kamar mafaraucin da nishaɗi kawai ya fitar da shi, an ce makaruhi ne gare shi. Ni ban ga mai faranta wa mahaifiyarsa, da hutar da iyalinsa, da duba halittar Ubangiji ya shiga sahun masu wargi ba. Ku yi kasaru, tsayuwar yini guda a tashoshi kuma ba ta yanke shi. Haɗa salloli ne mashhurin mazhaba ya taƙaita ga tafiyar tudu, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa ba su bambance ba. Azahar da La'asar ban ga abin da zai sa ku haɗa ba, yini dogo ne, ɗakinku kuma na kusa.

Wahalar tana ga Isha da Asuba. Juneau na kan digiri 58 arewa. A ƙarshen Yuni rana kan faɗi bayan ƙarfe goma na dare ta fito kafin ƙarfe huɗu, wato yinin ya haura awa 18. Ba ta kuma nitsewa sama da digiri 8 ko kusa da haka, saboda haka jan shafaƙi ba ya gama ɓacewa har hasken alfijir ya riske shi. Rashin alama bai sauke salla ba. A hadisin Dujal da Muslim ya ruwaito daga Nawwas ɗan Sam'an, sahabbai sun tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar a ranar da ta kai tsawon shekara, Annabi (SAW) ya ce a'a, a ƙaddara mata lokacinta. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta gina matsayarta ta 1986: yankunan da ke tsakanin digiri 48 da 66, in alamar Isha da Asuba ta ɓace, a ƙaddara su da kason dare na wuri mafi kusa da alamomi ke bayyana, ta kuma ba da digiri 45 a matsayin ma'auni. Da wannan lissafi Isha za ta kama gab da sha biyun dare, Asuba kuma bayan ƙarfe biyu. Magariba ba sai an lissafa ba, ka ga faɗuwar rana da idonka. Kada ka dogara kacokan ga jadawalin waya, jirgi tafiya yake, agogon Alaska ma yana bayan na Seattle da awa ɗaya.

Kai da maiɗakinka, in za ku iya, ku jira lokacin da aka ƙaddara. Hajiya kuwa, da duk wanda jiran zai galabaitar, ta haɗa Magariba da Isha bayan faɗuwar rana bisa fatawar Shafi'iyya da Hanbaliyya, kuma hadisin Ibn Abbas a Muslim na ƙarfafa haka, inda ya ce Annabi (SAW) ya haɗa salla a Madina don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Ta kwanta, a tashe ta wajen ƙarfe uku ta yi Asuba.

Da ni ne, da na ɗage tafiyar zuwa farkon Satumba. Jiragen na aiki har lokacin, dare ya dawo da duhunsa, kowace salla da alamarta a sarari, sai dai ruwan sama ya fi yawa. Kafin ka biya kuma ka duba takardun Hajiya. Wata dokar Amurka ta 1886 ta sa jiragen da ke da rajistar ƙasar waje dole su taɓa tashar wata ƙasa, shi ya sa masu tashi daga Seattle ke tsayawa a Victoria ta Kanada, mai fasfon Najeriya kuma ana neman bizar Kanada a hannunsa ko da bai yi niyyar sauka ba.

Wallahu a'alam.