Amsa ga ƙanwata mai son sa hoton silaid a sitatus

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi da na ga tambayarki sai da gabana ya faɗi, wai ko laifi ne ki sa hoton silaid, wato gilashin da muke duba naman mara lafiya a maikuroskop, a sitatus na WhatsApp tunda babu fuskar mara lafiya. Abin da na faɗa wa kaina kenan shekarata ta farko a Jidda.

Ƙwan tsargiya na gani a naman mafitsara, irin da ake kira haematobium, sak na littafi da ƙayarsa a ƙarshe, daɗi ya kwashe ni na ɗora jawwal, wato wayata, kan idon maikuroskop na ɗauka, sannan don gayu na ƙara wani hoton ina riƙe da gilashin a hannu. Ashe lambar kes, wadda ake gane mara lafiya da ita, na nan ɓaro-ɓaro a gefe, kuma na rubuta ɗan ƙasarmu ne da shekarunsa. Ko awa biyu ba a yi ba wata da muke cin abinci kwano ɗaya, wadda na sha riƙe mata aikin dare in ɗanta ba lafiya, ta yi sikirinshot ta tura wa mudir, wato shugabanmu. Lambata na wayarta fa! Da ta kira ta ce wance goge abin nan ai shikenan. Washegari na shiga ofis na tarar an buga hoton a takarda an zagaye lambar da jan biro, istisharina, babban likitan da nake ƙarƙashinsa, na zaune ya ƙi ɗago kai, ni kuwa bakina ya bushe ƙayau, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, kawai nake tunani da abin da zan gaya wa Baba. Takardar gargaɗi aka ba ni, Allah ya rufa asiri, amma sati guda na yi ina kuka a banɗakin lab.

Nan Saudiyya ba gida ba ne, dokar laifukan intanet ta 2007 ta sa ɗaurin har shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun, kan keta sirrin mutum da kyamarar waya, ga SCFHS, hukumar ma'aikatan lafiya, da lasisinki ke hannunsu. To ki yanke lamba da bakod, kar ki sa rana, kar ki faɗi ƙasa, mu Hausawan nan an san juna, kina cewa dattijo ɗan Kano an gane shi. Ki bari kes ya kwana biyu, kuma istishari ya yarda tukuna a rubuce.

Af, da 'yan uwa masu turo sakamakon gwaji ta WhatsApp wai Dakta duba mana, ki ce su koma wa likitansu, in kin faɗi magana ɗaya gobe za ki ji ta a gidan biki.

Ita kuwa wadda ta kai ƙarata, har yau muna haɗuwa a lif, gaisuwa sama-sama, na cire ta daga masu ganin sitatus ɗina tun ranar.