Tafiyar nesa da keke: zan iya barin tanti in dogara da masu masauki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin tafiyar wata biyu a kan keke, kuma ban taɓa yin mai nisa haka ba. Na ji akwai masu sauke matafiya irinmu a gidajensu kyauta. Zan iya barin tanti don rage kaya, in riƙa kwana wurinsu kullum? Kuma me ake so baƙo ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka ji gaskiya ne, amma ɗan'uwa kada ka bar tantin nan.

Masu masaukin suna nan. Warmshowers ta fara ne a 1993 a matsayin jerin sunayen masu son sauke mahaya keke, yau kuma dandali ce a intanet. Couchsurfing ta zo a 2004, ita ta kowane irin matafiyi ce. A Kudancin Amurka akwai gidajen da ake kira casa de ciclistas, wato gidan mahaya keke, inda mutum zai ɗan huta ya gyara kekensa. Sai dai mutanen nan ba a jere suke a bakin hanya kamar turakun lantarki ba. Sun fi yawa a birane, musamman a Yammacin Turai da Arewacin Amurka. A hanyar EuroVelo 6, wadda ta tashi daga gaɓar Atlantika a Faransa ta dire a Baƙin Teku, za ka same su da yawa a farko, kana yin gabas suna raguwa. A hanyar Pamir ta Tajikistan kuwa, inda mashigar Ak-Baital ta kai tsayin mita 4,655, ƙauyukan ma nesa suke da juna, kuma yawancin gidajen da ke sauke baƙi biya ake yi.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Mai keke ba ya iya alkawarin ranar isowa. Ka tsara kilomita 80, iska ta taso ta gabanka tun hantsi, la'asar ta same ka a kilomita 45. Ko taya ta yi faci sau biyu, ko sarƙa ta tsinke, ko gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Wanda ba shi da tanti dole ya ci gaba da murza feda cikin duhu don kada ya saɓa alkawari, kuma tafiyar dare kusa da manyan motoci ita ce abin da na fi jiye wa sabon matafiyi. Tantin mutum ɗaya bai cika wuce kilo biyu ba. A ganina babu kilo biyun da ya fi shi amfani a kayanka.

Saboda haka ka nemi masauki saura kwana uku zuwa biyar ka isa, ba tun wata guda ba. Ka rubuta wa mutum da sunansa, ka faɗi inda ka fito, inda ka nufa, ku nawa ne, da ranar da kake sa ran isa. Saƙon da aka kwafa aka watsa wa mutum ashirin ana gane shi, kuma ba a cika amsa shi ba. In ka ga za ka makara ko ka fasa, ka sanar da wuri. Wani ya bar aikinsa ya zauna jiranka.

Idan ka isa, ka tambayi inda za ka jingine keken kafin ka shigo da laka tsakar ɗaki. Cikin mai keke rijiya ne, don haka kada ka zo da yunwar wuni guda ka share abincin iyali. Ka taho da ɗan abin da za a ci tare, ka kama wanke-wanke. A waɗannan dandali ba a biyan kuɗin kwana. Abin da mai gida ke so shi ne hira, domin da yawansu sun taɓa irin tafiyar, kewarta suke yi. Ko gajiya ta yi maka rubdugu, ka yi wanka ka ba shi sa'a guda kafin ka kwanta. Baƙo raɓa ne: kwana ɗaya ko biyu, sai in shi ya ce ka ƙara.

Wanda ya gan ka a hanya ya gayyace ka, shi lamarinsa daban. Sau da yawa bai fi ka hali ba, kuma zai ba ka abin da shi ma yake bukata. Miƙa masa kuɗi kai tsaye na iya zama cin fuska, gara kyauta ga yara ko sayayya ga gidan.

Kafin ka amsa kowace gayyata ta intanet, ka karanta abin da baƙin baya suka rubuta a kan mutumin, ka tura wa wani naka adireshin. Fasfo da waya da kuɗi su kwana a jikinka. In ka shiga gida ranka bai kwanta ba, ka yi godiya ka fita tun da sauran rana, ka nemi inda za ka kafa tantinka.