Amsa: Sikeli ya nuna na ƙaru

'Yar'uwa, kin ce kin hau sikelin kemis da yamma, kika ga ƙarin kilo 2 bayan sati 3 kina rage tuwon shinkafa. Kwantar da hankalinki. Nauyin mutum kan motsa da kilo 1 zuwa 2 a yini guda saboda ruwa, gishiri da abincin da ke ciki, balle a zafin Birnin Kebbi da muke wuni muna ɗirkar ruwa. Gab da al'ada ma jiki kan riƙe ruwa.

Ki riƙa aunawa duk Juma'a da safe, bayan kin zaga, kafin karin kumallo, a sikeli ɗaya, ki rubuta. Ni dai na fi yarda da tef ɗin tela, ki auna ƙugu daidai cibiya. Rabin kilo a sati ya isa.