Gargaɗin burauza a ƙofar takardun bayanan shaidu: a danna a wuce ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sakatariya ce a ofishin lauyoyi, kuma daga cikin aikina akwai sauke rubutattun bayanan da shaidu suka bayar bisa rantsuwa kafin zaman kotu, wani lokacin har da bidiyon zaman da aka yi musu tambayoyi. Kamfanin da ke rubuta bayanan yana da shafi a intanet inda muke shiga da suna da kalmar sirri. Kwanakin baya na buɗe shafin, sai Chrome ta tare ni da gargaɗi cewa haɗina da shi ba na sirri ba ne, kuma wasu na iya satar bayanaina. Abokin aikina ya ce in danna maɓallin ci gaba kawai, wai shi kullum haka yake yi kuma bai taɓa ganin wata illa ba. Ni dai na ji tsoro, ga shi kuma lauyan da nake wa aiki yana jiran takardar. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tsoron da kika ji yana da tushe, kuma shawarar abokin aikinki ba abar bi ba ce a irin wannan shafi. Duk inda za ki rubuta kalmar sirri, ko ki sauke takardun shari'ar wasu mutane, idan burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ta tare ki a bakin ƙofa, abin da ya dace shi ne ki dakata ki gano dalili, in kuma dalilin bai warware ba ki nemi takardar ta wata hanya.

Ga abin da ke faruwa a bayan fage. Idan adireshin shafi ya fara da https, shafin yana miƙa wa burauzarki wani satifiket na lantarki mai ɗauke da sunan shafin, ranar da aka bayar da shi, ranar da wa'adinsa zai ƙare, da sa hannun hukumar da ta bayar da shi, kamar DigiCert ko Sectigo ko Let's Encrypt. Burauzar tana duba ko wa'adin bai wuce ba, ko sunan ya dace da adireshin da kika nufa, ko kuma ta san mai sa hannun ta amince da shi. Ke da kike aiki da lauyoyi kin san ba a fara ɗaukar bayanin shaida sai an tabbatar da ko wane ne shi, to irin wannan tantancewar ce burauza take yi wa shafi, kuma gargaɗin da kika gani yana nufin ta kasa tabbatar da cewa wanda ke amsa miki shi ne kamfanin da kike nema.

A ƙasan rubutun gargaɗin akwai wani ɗan gajeren lambar kuskure da yawancin mutane ba sa kulawa da shi, alhali shi ne ke faɗin ainihin matsalar. Idan kin ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID a Chrome, ko SEC_ERROR_EXPIRED_CERTIFICATE a Firefox, maganar kwanan wata ce. Fara duba agogon kwamfutarki, domin idan ƙaramin batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu, takan koma wata shekara ta baya, sai ta ɗauki kowane satifiket mai inganci a matsayin wanda lokacinsa bai yi ba. Alamar hakan ita ce gargaɗin zai bayyana a kusan duk shafin da kika buɗe, kuma gyara kwanan wata zai kawar da shi nan take. Idan agogonki daidai yake, to kamfanin ne ya yi sakaci bai sabunta satifiket ɗinsa ba. Wannan yana faruwa sosai, domin wa'adin satifiket gajere ne: na Let's Encrypt an saba bayar da shi na kwana 90, tun watan Satumba na 2020 manyan burauzoji suka daina karɓar sabon satifiket da ya wuce kwana 398, kuma a watan Afrilu na 2025 masu bayar da satifiket da masu burauzoji suka amince a riƙa rage wa'adin mataki-mataki har ya sauko kwana 47 a 2029. A ganina wannan shi ne mafi sauƙin gargaɗin, amma sauƙinsa bai halatta miki rubuta kalmar sirri ba, tunda gyaransa a wajen kamfanin ba ya ɗaukar dogon lokaci idan an sanar da su.

Na biyu shi ne NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID, wato sunan da ke kan satifiket ɗin ya saɓa da adireshin da kika buɗe. Wani lokacin kuskuren saiti ne kawai, misali an bayar da satifiket ga adireshi mai www a farko ke kuma kin shiga marar shi. Wani lokacin kuma Wi-Fi na otal ko filin jirgin sama ne ya karkatar da ke zuwa shafinsa na shiga kafin ya ba ki intanet. Amma haka ma yake bayyana idan wani ya karkatar da ke zuwa kwamfutarsa da gangan, kuma daga kujerarki ba ki da hanyar bambance waɗannan da ido.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID, wanda Firefox ke kira SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER. Ma'anarsa burauza ba ta san wanda ya sa hannu a satifiket ɗin ba. Akwai dalilai marasa cutarwa: wasu ofisoshi suna da na'urar tsaro da ke buɗe duk abin da ke shiga da fita tana dubawa, wasu manhajojin rigakafin cutar kwamfuta ma haka suke yi, kuma idan ba a saita su daidai ba sai gargaɗin ya fito. Tsohuwar na'ura ma tana jawo shi, kamar yadda ya faru a ranar 30 ga Satumba, 2021, lokacin da wa'adin wani tsohon tushen satifiket, wato babban satifiket da ke tabbatar da sauran, da Let's Encrypt ke dogaro da shi ya ƙare, tsofaffin wayoyi da kwamfutocin da ba a sabunta ba suka shiga ƙin buɗe shafuka masu lafiya ƙalau. Sai dai wannan gargaɗin ne kuma za ki gani idan wani ya shiga tsakaninki da kamfanin, yana karɓar abin da kika rubuta, yana karantawa, sannan ya miƙa shi gaba. Kada a ɗauka wannan tatsuniya ce. A shekarar 2011 an kutsa cikin kamfanin DigiNotar na ƙasar Holland, mai bayar da satifiket, aka ƙera satifiket na jabu sama da 500, aka yi amfani da na Google wajen leƙen asirin masu amfani da intanet a Iran. Abin ya fito fili ne bayan wani mai amfani da Gmail a can ya ga gargaɗi a Chrome ya kai rahoto, kuma kafin ƙarshen watan Satumba na shekarar kamfanin ya durƙushe.

Abokin aikinki ya ce bai taɓa ganin illa ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma wanda aka kwashe wa kalmar sirri ba ya ganin komai a ranar. Ki dubi abin da ke cikin irin takardun da kike saukewa. Bayanin shaida yakan ƙunshi cikakken sunan mutum da inda yake zaune, tarihin lafiyarsa, kuɗin shigarsa, sirrin kasuwancin kamfani, wani lokacin har da abin da kotu ta ba da umarnin kada a bayyana wa kowa in ban da ɓangarorin shari'ar. Kalmar sirrin ofishinku guda ɗaya tana buɗe duk shari'o'in da ke cikin asusun, kuma nauyin riƙe amanar waɗanda ake karewa yana wuyan lauyan da kike wa aiki ko da kuwa yatsanki ne ya danna. Akwai kuma batun ingancin takardar kanta, domin wanda ya iya shiga tsakani yana iya canza abin da ya iso gare ki, kuma a bayanin shaida tazarar da ke tsakanin "na gan shi" da "ban gan shi ba" tana iya juya shari'a.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki ɗauki hoton allon yadda lambar kuskuren da adireshin za su fito, ki rubuta rana da lokaci. Daga nan ki gwada buɗe shafin a wayarki da datar layinki, ba da Wi-Fi na ofis ba, kuma ki rubuta adireshin da hannunki maimakon danna wanda ya zo a imel. Idan ya buɗe babu gargaɗi, matsalar tana cikin kwamfutarku ko hanyar sadarwar ofishinku, sai a kira mai kula da kwamfutocin ofis. Idan gargaɗin ya biyo ki can ma, matsalar daga kamfanin take, sai ki buga musu waya da lambar da ke cikin yarjejeniyarku ko tsohuwar takardar biyan kuɗi, ki karanta musu lambar kuskuren, ki nemi su gyara ko su isar da takardar ta wata hanya mai tsaro. Ki sanar da lauyan tun da wuri, domin shi ne ya san ko wa'adin da ake fuskanta yana bukatar a nemi ƙarin lokaci, kuma hoton da kika ɗauka zai zame masa hujja. Wasu shafukan ma ba sa barin maɓallin ci gaba ya fito sam, saboda masu su sun umarci burauza da kada ta yarda da haɗin da ba a tabbatar ba, kuma idan kin gamu da haka kada ki shiga neman dabarar tsallakewa. Shi kuma abokin aikinki, tunda ya riga ya rubuta kalmar sirri a bayan gargaɗi, a canza ta yau daga na'ura mai lafiya, a kuma kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin tabbaci bayan kalmar sirri, idan shafin yana da ita.

Abu guda da zan ƙara shi ne rashin gargaɗi ba shaidar gaskiyar shafi ba ce. 'Yan damfara ma suna samun satifiket mai inganci a kan adireshinsu na jabu, wanda yakan bambanta da na gaskiya da harafi ɗaya tak. Saboda yadda mutane ke ɗaukar alamar kwaɗo, wato makulli, a matsayin tabbacin amana ne Chrome ta cire ta daga layin adireshi a watan Satumba na 2023.

Tambaya: Na ba da shaida bisa rantsuwa a wata ƙara da ake yi a Amurka. Bayan makonni sai imel ya zo mini cewa in duba rubutaccen bayanina in sa hannu cikin kwana biyu. Da na danna adireshin, allon ya koma ja gaba ɗaya da gargaɗin cewa shafin yana da haɗari. Na gwada takardar da aka maƙala a imel ɗin, ita kuma ta ce in kunna wani abu kafin rubutun ya bayyana. Ina tsoron kada wa'adi ya wuce ni.

Amsa: Malam, kada ka sake taɓa adireshin ko takardar. Jan allo ya bambanta da gargaɗin satifiket da muka yi bayani a sama, domin yana fitowa ne idan shafin ya shiga jerin waɗanda aka gano suna yaudara ko yaɗa mugunyar manhaja, jerin da Google Safe Browsing ke tanadar wa Chrome da Firefox da Safari, ita kuma Edge tana da nata mai suna SmartScreen. Ana iya yin kuskure a jerin, ko a kutsa cikin shafi na gaskiya a dasa masa cuta, amma ko a wane hali ba wurin shigarka ba ne a yanzu.

Takardar ma tana da alamar tarko. Rubutaccen bayanin shaida ba ya bukatar a kunna komai kafin a karanta shi, kuma tun 2022 Microsoft ta sa Office ya riƙa toshe ƙananan umarnin da ake ɓoyewa cikin takardun da aka sauke daga intanet, saboda yawan cutar da ake yaɗawa ta wannan hanya. Ka duba ƙarshen sunan fayil ɗin da kyau, domin wanda ya ƙare da .pdf.exe manhaja ce aka yi wa rigar takarda.

Kwana biyun nan ma abin tuhuma ne. A kotunan tarayyar Amurka, doka ta 30 ta ƙa'idojin ƙararrakin da ba na laifi ba ta bai wa shaida kwana 30 ya duba bayaninsa ya nuna gyara, daga ranar da aka sanar da shi cewa rubutun ya kammala, muddin shi ko wani ɓangare na shari'ar ya nemi hakan kafin a rufe zaman tambayoyin. Kotunan jihohi suna da nasu ƙa'idojin, don haka lauyan da ya tsaya maka ko wanda ya gayyace ka shi ne zai faɗa maka ainihin wa'adinka. Ka kira shi da lambar da ka sani tun kafin zuwan wannan imel, ka tambaye shi ko an aiko maka da wani abu, kuma daga wane adireshi. Idan ka riga ka kunna abin da takardar ta nema, ka cire kwamfutar daga intanet, ka canza kalmar sirrin imel ɗinka daga wata na'urar, sannan ka ba masani ya duba ta kafin ka sake buɗe wata takardar shari'a a kanta.