Tambayi Likita: Da gaske ana sa wa mai farfaɗiya batir a ƙirji?

TAMBAYA: Salam likita, barka da aiki. Yarona ne ɗan shekara 9 yake fama da farfaɗiya, yana shan Tegretol an ƙara masa Epilim amma har yanzu sai ya faɗi sau biyu sau uku a wata, wani zubin ma a makaranta, har yara sun fara gudunsa wai kar miyaunsa ya taɓa su. Ƙanin mijina ya ce a Indiya ana sa wa yara wani batir a jiki ciwon ya tafi. Da gaske ne?
Wata uwa daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Eh akwai shi, amma wajen "ciwon ya tafi" ɗin nan ƙanin naki ya ɗan ƙara gishiri. Sunanta VNS, wata 'yar na'ura ce kamar fuskar agogon hannu, ana sa ta ƙarƙashin fata a ƙirji ɓangaren hagu, sai a ja siririyar waya zuwa wata jijiyar wuya da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Yawanci ana saita ta ta tura ɗan lantarki na sakan 30 ta huta minti 5, dare da rana, kuma za a ba ku maganaɗisu, in kin ga alamar abin zai taso sai ki goga masa a ƙirjin. Amurka ta amince da ita tun 1997, a 2017 aka sauko har ga 'yan shekara 4.

Rage faɗuwa take yi, wajen rabin masu ita abin na raguwa da rabi, shi ma ba nan take ba sai an ɗau watanni, kuma magani ba a dainawa, ga dishewar murya da ɗan tari, batirin ma in ya ƙare sai an sake ƙaramin aiki.

Ni dai kafin a sayar da gona a yanki tikiti, ki koma wajen likitan ƙwaƙwalwa na yara a auna nauyinsa, don yaro na girma magani na yi masa kaɗan, kuma ki faɗi gaskiya in akwai ranakun da kuɗi ke yankewa a tsallake. A yi EEG (gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa) da MRI (hoton ƙwaƙwalwa), in tabo ne a waje ɗaya a ƙwaƙwalwar wani lokacin tiyata ta fi na'urar.

Miyau kuwa ba ya yaɗa farfaɗiya, ki je ki gaya wa malaminsu da bakinki, in ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali.